Yadda za ku ɗauki hoton dusar ƙanƙara ta farko

Ƴan Maradi da ke karatu Kanada, don Allah ku riƙa turo mana hoto mai kyau, mu nan hazo kawai muka sani.

Da farko ku yi sammako kafin mutane su tattake wurin.

Sannan batir ba ya son sanyi, waya ta zauna aljihun ciki sai lokacin ɗauka.

Babban aikin shi ne haske, kamara in ta ga fari da yawa sai ta rage, ƙanƙarar ta fito kamar toka, to ku taɓa allon ku ja hasken sama kamar +1, kar ku zarce dai.

Ku nemi jar mota ko icce ya shigo hoton.

Kafin ku koma ɗaki mai ɗumi ku ƙulle wayar cikin leda saboda raɓa.