Yadda Ake Farfaɗo da Sabar Imel Bayan Sabunta Manhaja Ya Lalace

A Kano, aikin sabunta manhajar sabar imel yakan lalace ne ta hanyoyin da duk mai kula da kwamfutocin ofis ya sani. Ana tsakiyar aiki sai a ɗauke wuta, batirin inbata ya gaza riƙe na'urar kafin a tayar da janareta, ko kuma intanet ya yanke wa wanda ya shiga sabar daga nesa. Wani lokacin kuma babu ruwan wuta, sabuntawar ta kammala lafiya lau, amma sabuwar manhajar ta ƙi karanta tsohon saiti. Ko ma mene ne sanadin, da gari ya waye wayarka ba za ta huta ba, domin akanta a masana'antar da ke Bompai ko Sharaɗa yana jiran takardar biyan kuɗi, ɗan kasuwan Kantin Kwari kuma yana jiran amsar abokin cinikinsa na ƙasar Sin. Wannan bayani ya shafi sabar Linux mai amfani da Postfix wajen aikawa da karɓar wasiƙu, da Dovecot wajen miƙa su ga masu akwatin imel.

Abu na farko shi ne ka tsayar da Postfix gaba ɗaya da umarnin systemctl stop postfix, ko da kuwa maigidan ofis yana tsaye a kanka yana cewa a yi sauri. Dalilin yana cikin tsarin imel ɗin kansa. Idan wata sabar ta zo isar da wasiƙa ta tarar da ƙofa mai lamba 25, wato mashigar da sabobi ke miƙa wa juna wasiƙu ta cikinta, a rufe, ba ta zubar da wasiƙar, sai dai ta ajiye ta a layin jira ta riƙa sake gwadawa. Ƙa'idar aikawa da imel ta SMTP, a cikin kundinta mai suna RFC 5321, ta ba da shawarar a ci gaba da gwadawa har kwana huɗu zuwa biyar, kuma Postfix da ba a taɓa saitinsa ba kwana biyar yake jira. Haɗarin yana ga sabar da ke aiki rabi da rabi, wadda ta tashi amma ta manta da sunayen masu akwati, domin ita za ta amsa wa mai aikowa da lamba 550, wato babu mai wannan adireshi a nan, kuma wasiƙar da aka mayar da irin wannan amsa ba a sake kawo ta. A ganina wannan ne ya fi komai muhimmanci a cikin aikin, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa saboda ruɗewa.

Bayan ka tsayar da shi, kada ka gyara komai sai ka kwafe abin da ke akwai a halin da yake, duk lalacewarsa. Kwafi /etc/postfix da /etc/dovecot, da layin jira da ke /var/spool/postfix, da foldar da wasiƙun mutane suke, wadda sau da yawa takan kasance /var/vmail ko Maildir a cikin gidan kowane mai amfani. Idan sunayen masu akwati suna cikin rumbun bayanai na MariaDB ko MySQL, fitar da su da mysqldump. Yi amfani da rsync -a a matsayin root, wato mai cikakken iko a kan na'urar, domin kowane fayil ya riƙe mamallakinsa da izininsa, sannan ka kai kwafin wani faifai dabam. Wanda ya ɗauki hoton sabar, wato cikakken kwafin halin da take ciki, kafin ya fara sabuntawa yana iya komawa kansa, amma ya tuna cewa duk wasiƙar da ta shigo bayan ɗaukar hoton za ta tafi idan bai fara kwashe ta ba.

Daga nan sai ka duba ko faifai ne ya cika. Umarnin df -h zai nuna fili, df -i kuma zai nuna ko adadin fayilolin da faifan ke iya ɗauka ya ƙare, abin da ke faruwa a sabar imel fiye da ko'ina saboda tarin ƙananan fayiloli. Idan da fili, ƙarasa aikin da ya katse. A nau'o'in Linux na Debian da Ubuntu ana yin haka da dpkg --configure -a, sannan apt --fix-broken install, kuma /var/log/apt/history.log zai gaya maka ainihin manhajojin da aka taɓa da lambar sigar kowacce, tsohuwa da sabuwa. A dangin Red Hat kuwa dnf history ne ke ba da wannan tarihi.

Yanzu ne za a karanta abin da sabar ta rubuta da kanta. Duba /var/log/mail.log a Debian da Ubuntu, ko /var/log/maillog a dangin Red Hat. Idan ba ka ga fayil ɗin ba kada hankalinka ya tashi, domin tun daga Debian 12 ba a saka rsyslog, manhajar da ke rubuta wannan fayil, kai tsaye, sai ka nemi bayanan da journalctl. Nemi layukan da ke ɗauke da kalmar fatal ko error, kuma ka fara da na farko a jerin lokaci, saboda sauran galibi 'ya'yansa ne. Umarnin postfix check da postconf -n da doveconf -n za su nuna saitin da manhajojin suke gani a zahiri, wanda yakan bambanta da wanda kake zaton ka rubuta. Haka kuma ka leƙa cikin /etc ka nemi fayilolin da suka ƙare da .dpkg-old ko .dpkg-dist ko .rpmsave ko .rpmnew. Idan a lokacin sabuntawa ka amsa cewa a saka saitin da ya zo da manhaja, to naka na asali yana nan an ajiye shi da ɗaya daga cikin waɗannan sunaye. Gwama su da diff, ka mayar da layukanka ɗaya bayan ɗaya maimakon ka ɗora tsohon fayil a kan sabo gaba ɗaya.

Dovecot na buƙatar kulawa ta musamman. Siga ta 2.4 da ta fito a farkon 2025 ta sauya yadda ake rubuta saiti, har ba ta karɓar fayil ɗin 2.3 yadda yake, kuma tana neman layin dovecot_config_version a farkonsa. Debian 13 da wannan siga ya zo, saboda haka wanda ya haura daga Debian 12 ba tare da shiri ba zai tarar Dovecot ya ƙi tashi alhali babu wasiƙa ko ɗaya da ta ɓata. Maganinsa shi ne a zauna a sake rubuta saitin bisa sabon tsari, a fara da wurin ajiyar wasiƙu, sai tantance kalmar sirri, sai takardar shaidar tsaro. Idan kuma wuta ce ta ɗauke ana cikin rubutu har akwati ya rikice, gwada doveadm force-resync -u tare da adireshin mutumin da sunan akwatin. A nan ina jan kunne sosai: za ka ji ana cewa a goge fayilolin fihirisa, waɗanda Dovecot ke lissafa wasiƙun kowane akwati a ciki, su sake gina kansu. Wannan yana yiwuwa a tsarin Maildir, inda kowace wasiƙa take da fayil ɗinta, amma a tsarin mdbox fihirisar ce kaɗai ke riƙe da alamomin wasiƙu da bayanin wace wasiƙa ke cikin wace folda. Tabbatar da tsarin da kake kai kafin hannunka ya kai ga gogewa.

A ɓangaren Postfix aikin bai kai haka yawa ba. Sake gina teburan adireshi da postmap da newaliases, ka kuma tabbatar cewa masu tace wasiƙa irin su Rspamd ko OpenDKIM sun tashi, domin idan Postfix bai same su ba yakan dakatar da karɓa. Idan ka mayar da layin jira daga kwafi, gudanar da postsuper -s yayin da Postfix yake a tsaye, don ya daidaita sunayen fayilolin.

Kafin ka tayar da Postfix, saka soft_bounce = yes a cikin main.cf, babban fayil ɗin saitinsa. Wannan layi yana mayar da duk amsar ƙi ta dindindin zuwa ta wucin gadi, ta yadda ko da saura kuskure, masu aikowa za su dawo daga baya. Riƙe wasiƙun da ke layi da postsuper -h ALL, sannan ka tayar da Dovecot, ka gwada shiga da doveadm auth test, ka buɗe akwati ɗaya ta ƙofa 993. Idan ya yi, tayar da Postfix, ka aika wasiƙa daga Gmail zuwa ofis, ka kuma aika wata daga ofis ta ƙofa 587. Buɗe cikakken bayanin wadda ta isa Gmail ka duba ko SPF da DKIM, hanyoyin tabbatar da cewa wasiƙa daga gare ka ta fito, sun wuce, tunda daga Fabrairun 2024 Google na buƙatar aƙalla ɗaya daga cikinsu ga kowane mai aikawa, kuma sa hannun DKIM na iya tsayawa bayan sabuntawa ba tare da kowa ya lura ba.

Idan gwaje-gwajen sun yi kyau, saki wasiƙun da postsuper -H ALL, ka riƙa duba postqueue -p har layin ya ragu. Gaya wa mutanen ofis cewa wasiƙun jiya za su riƙa shigowa sannu a hankali cikin sa'o'i masu zuwa, kowace sabar da lokacin sake gwajinta, don kada su sa abokan hulɗa sake aiko da abin da ke kan hanya. Bayan ka kwana ɗaya kana karanta bayanan sabar ba ka ga an ƙi wani adireshi na gaskiya ba, cire soft_bounce ka gudanar da postfix reload, domin idan ka bar shi, wanda ya yi kuskuren rubuta adireshi zai shafe kwanaki kafin ya san cewa wasiƙarsa ba ta isa ba.