Yadda za ka yi maganin ƙwarin lambu da 'ya'yan bedi

Da sassafe ka shiga lambu, ka juya ganyen kabeji da na tumatir ka duba bayansu, don can ƙwari ke ɓuya. Ganye mai huji da ɗan kashi kore a kai, tsutsa ce. In ya nannaɗe yana danƙo, tururuwa na hawa, ƙananan ƙwari masu tsotson ruwan ganye ne.

Tsutsa in ba ta yi yawa ba, tsince ta da hannu ka ba kaji.

In abin ya yaɗu, bedi, wato dogon yaro, bai yi wuya a Damagaram ba. Daka busassun 'ya'yansa rabin kilo, jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana. Tace da ƙyalle mai laushi, sa ɗan sabulu, ka fesa da marece, sama da ƙasan ganye. Rana tana kashe ƙarfinsa, shi ya sa. Maimaita bayan kwana 7. Ba ya kashewa nan take, hana su ci yake yi, sai ka yi haƙuri.

Maganin kasuwa marar takarda, don Allah bar shi. In dole sai na kanti, tambayi malamin gona, rufe hanci da hannu, kuma kada a zuba ruwan sha a kwalbarsa.