Yadda Za Ka Kalli Tsuntsayen Tsibiri Ba Tare Da Ka Cuce Su Ba

Abin da zai fara ba ka mamaki a tsibiran Galapagos, kimanin kilomita 1,000 daga gaɓar ƙasar Ekwado da ke Kudancin Amurka, shi ne tsuntsu ba ya gudun mutum. Akwai wani mai shuɗɗan ƙafafu da ke saka ƙwai a ƙasa, wani lokaci a tsakiyar hanya, ba sheƙa ba komai, sai farin kashinsa da ya yi wa wurin zobe. Ka zo dab da shi, ya ɗaga kai ya dube ka, ya ci gaba da kwancinsa. Kakanninsa ba su san kare ko kyanwa ba, balle su koya masa tsoro.

To tunda shi ba zai matsa ba, kai ne za ka ja baya. Dokar wurin ita ce tazarar mita 2 tsakaninka da kowace dabba. Kada ka taɓa, kada ka ba da abinci, kada ka haska fitilar kyamara, kuma duk inda ja-gora bai taka ba, kai ma kada ka taka.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne kayanka. Kafin ka hau jirgi, juya takalminka ka kankare ƙasar da ta maƙale a gindinsa da buroshi. Zazzage jaka, duba aljihu da naɗin wando, don ƙwayar iri ko tururuwa ɗaya ma ɓarna ce. Kada ka ce na cika tsanani. Wani irin maciji da ya shiga tsibirin Guam da ke Tekun Pasifik cikin kayan jirage bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye kusan duk tsuntsayen dajinsa. A tsibirin Morishiyos da ke Tekun Indiya kuwa, farauta da ɓeraye da aladun da jirage suka kawo ne suka ƙarar da wani babban tsuntsu da ba ya tashi, mai suna dodo, kafin shekarar 1700.

Wajen kallon kansa, fita da sassafe, ka riƙe madubin hangen nesa, ka sami wuri ka zauna shiru. Idan uwa ta miƙe daga kan ƙwai tana kallonka, ka matso da yawa ke nan. Koma baya a hankali har sai ta sake kwantawa, don ƙwan da aka bari a zafin rana ba ya jimawa yake lalacewa.