Yadda za ka gano mai laifi idan talabijin ɗinka ta intanet tana yawan tsayawa

Abin takaicin IPTV, wato talabijin da ke zuwa ta intanet ba ta satalayit ba, shi ne ka gwada gudun netwok ka ga 20 Mbps amma ƙwallo sai tsayawa take, ka kira wanda ya sayar maka ya ce sabis ɗinka ne, masu sabis kuma su ce su lafiyarsu ƙalau. To ga yadda nake yi.

Da farko kar ka yi gwaji da hantsi, lokacin kowa na kasuwa layi fayau. Bari sai 8 zuwa 10 na dare da gari ya hau, sannan ka buɗe fast.com, shafin gwada gudun intanet. Netflix da kansu 5 Mbps suka ce ya isa hoto mai ingancin 1080p, 4K kuma 15, in kana sama da haka to ba gudu ne matsalarka ba.

Na biyu shi ne wanda mutane ke tsallakewa. A kwamfuta mai Windows buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta ping -n 100 8.8.8.8 ka jira ya gama, ka duba saƙonni nawa suka ɓace cikin ɗarin da ya aika, da tazarar da ke tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri. Bidiyo ai gutsi-gutsi yake zuwa, kuma ba kowane hoto ake turowa cikakke ba, ɗaya ne cikakke sauran na bayansa canji kawai suke ɗauka, shi ya sa in gutsure ɗaya na cikakken ya faɗi a hanya sai ka ga fuskar ɗan wasa ta farfashe gida-gida har sai wani cikakken ya iso. Lambar Mbps da gwajin gudu ke ba ka ba ta nuna wannan sam.

Sai ka cire akwatin IPTV ɗin daga Wi-Fi ka jona shi da rauta, wato na'urar da ke ba ka Wi-Fi, ta kebul. In ya gyaru, Wi-Fi ɗin gidanka ne, ba ruwan kowa.

Bai gyaru ba? Kunna YouTube a daidai wannan lokacin, a kan akwatin dai. In yana tafiya sumul tashar kuwa tana cijewa, laifin sabar mai sayarwa ne, wato kwamfutar da ke turo maka tashoshin. Amma fa ka sa ido, manhajoji irin su YouTube idan layi ya yi rauni ba tsayawa suke ba, rage ingancin hoton suke a ɓoye, sai ka ga lambar rigar ɗan wasa ta yi dishi-dishi.

Shi kuwa maƙwabci mai satalayit da yake rigan ka ihun gol da daƙiƙa 30, wannan ba lalacewa ba ce, ajiyar bidiyo ce da manhajar ke tarawa kafin ta nuna maka.

Yi haka dare uku, ka riƙa rubuta lokaci da tashar da ta tsaya, sannan ka kira wanda ya sayar maka.