Me ya sa biren bos ke ta ƙonewa a tsohuwar mota?

Idan ka canza kwamfutar injin mota, wadda makanikai ke kira biren bos, ta sake ƙonewa cikin 'yan makonni, to da wuya a ce laifin kwamfutar ne. Akwai abin da ke kashe ta, kuma yana nan cikin motar. Babban kuskure shi ne a ruga kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka a sayo wata a jona, ba tare da an auna ko waya ɗaya ba.

A fara da fahimtar yadda nozul, wato abin da ke fesa wa inji fetur, ke aiki. A yawancin tsofaffin motocin fetur, wayoyi biyu ne ke shiga kowane nozul. Ɗaya tana kawo wutar bolt 12 daga rile, wato makunnin da ke sakin wuta, da zarar an murɗa makulli, ɗayar kuma tana tafiya zuwa kwamfuta. Kwamfutar ba ta ba nozul wuta. Wani ɗan taransista ne a cikinta ke haɗa wayar da atin, wato jikin ƙarfen mota, yana saki, nozul yana buɗewa yana rufewa. To idan robar wayoyin nan biyu ta bushe ta farfashe suka taɓa juna, wutar batir za ta zarce kai tsaye cikin taransistan ba tare da ta ratsa nozul ba. Nan take zai gasu. Ka sa sabuwa, ita ma haka.

Maganin shi ne a cire soket ɗin kwamfuta, a cire na nozul, a auna kowace waya da mita: tsakaninta da 'yar uwarta, da jikin inji, da wayar wuta. Kuma a riƙa girgiza dam ɗin wayoyin, wato ƙunshinsu da aka naɗe da tef, ana aunawa, don wani shot ɗin, wato haɗuwar wayoyi, ba ya fitowa sai inji na karkarwa. A kware tef a duba inda wayoyin suka bi kusa da salansa ko suke gogar ƙarfe. Masu Marsandi na farkon shekarun 1990, har da W124 da ake ce wa V-boot, su fi kowa lura: robar wayoyin injin wancan lokaci tana rududdugewa da zafi, kana lanƙwasa ta sai ka ga tana zuba kamar ɓawon busasshiyar gyaɗa. Irin wannan ba a yi masa faci, dam ɗin ake canzawa gaba ɗaya.

Kuskure na biyu, wanda ni a ganina ya fi cin kwamfuta a ɓoye, shi ne sa nozul don kawai ya shiga ramin. Nozul iri biyu ne, ana bambanta su da om, wato ma'aunin yadda abu ke tare wuta. Akwai mai om 12 zuwa 16, akwai mai om 2 zuwa 3. Lissafin ba wuya: bolt 12 a kan om 14 bai kai amfiya ɗaya na wutar da nozul zai ja ba, amma a kan om biyu da rabi ya kusa amfiya 5. Kwamfutar da aka ƙera don na farko ba za ta jure na biyu ba. Wasu motoci, kamar Honda Accord ta 1990 zuwa 1997, suna amfani da mai ƙaramin om ne tare da wani akwatin rizista na aluminiyom mai rage wuta a ɗakin inji. Sai wani rewaya ya ga akwatin ya ce ba shi da amfani, ya tsallake shi ya haɗe wayoyin. Motar za ta tashi kuwa, har a biya shi kuɗin aiki, amma wutar da nozul ke ja ta fi ƙarfin kwamfutar. A kuma auna nozul da sanyi a sake aunawa da zafi, domin koyil ɗin ciki kan yi shot ne bayan ya ɗumama.

Sai al'adar nan ta zare kan batir inji na aiki wai don a gwada altanato. A bar ta. Batir ne ke shanye tsallen wuta, idan an cire shi kwamfuta ce za ta sha. Mita kawai za a ɗora a kan batir: bolt 13.5 zuwa 14.5 lafiya ne, abin da ya haura 15 kuwa regileta, mai daidaita wutar altanato, ta lalace. Haka ma a guji yin walda a jikin mota ba a cire batir da soket ɗin kwamfuta ba, da juya kan waya wajen jan wuta daga wata motar, da ɗaura zaren waya a madadin fiyus.

Atin ma ana raina shi. Bayan an sauke inji an mayar, sau da yawa a manta wayar atin ɗaya tana lilo a bayan silinda, ko a ɗaure ta kan fenti da tsatsa. A kankare wurin har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure tamau. Wajen gwada wayar kwamfuta kuma kada a yi amfani da testa mai kwan fitila, tana jan wuta da yawa. Mai LED ake so.

Kafin a jefar da wadda ta mutu, a kwance murfinta a duba. Idan taransista ɗaya ne ya fashe, bi layinsa zuwa fil ɗin soket zai nuna maka wayar da ke da laifi. Idan kuwa ka ga danshi baƙi-baƙi a gindin kafasita da wari kamar na kifi, tsufa ne, abin da aka sani a kwamfutocin Mitsubishi da Toyota na shekarun 1990. Mai gyaran rediyo da ya iya hannunsa zai wanke allon ya canza su, kuma 'yar gwanjon da za ka sayo mai yiwuwa ta girmi taka ko sa'arta ce, don haka ita ma a buɗe ta a duba kafasitocinta kafin a jona.