Yadda Ake Gano Matsalar Ƙasan Tsohuwar Jif Kafin a Kwance Noti Ko Ɗaya

Ƙara a ƙasan mota tana bin ƙarfe ta yi tafiya, sai ka ji ta a gaba alhali daga baya take fitowa. Shi ya sa masu tsofaffin jif a Jos ke zubar da kuɗi a kan "a canza wannan mu gani". Land Cruiser ko Hilux ko Pajero da ta shekara 20 tana ɗauko dankali daga Bokkos, ko tana ratsa ƙauyukan Riyom da damina, komai nata ya ɗan ci, don haka duk abin da bakanike ya nuna maka zai yi kama da mai laifi. Abin da ke raba gardama shi ne sanin lokacin da ƙarar ke zuwa: da totur, da gudu, da kwana, ko da faɗawa rami.

Ka tanadi jak mai ƙarfi, ƙarafan tokare mota guda biyu, liba ta banƙara, tocila, tef ɗin awo, alli, da mutum na biyu. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Jif ɗin nan wasu sun haura tan biyu.

Tun tana tsaye

A ajiye ta a shimfiɗaɗɗen siminti. Fara da tayoyi: duka huɗun su zama lamba ɗaya, cinsu kuma kusan ɗaya. Motar da ke jan ƙafa huɗu kullum, irin Prado da yawancin Land Cruiser 80 da 100, idan taya ɗaya ta fi saura girma, difarenshal na tsakiya, wato giyar da ke raba juyi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, ba ya hutawa, sai ya yi zafi ya ci. Taya da ta cinye ta gefe guda, alaimen ne ko bushin ɗin hannun ƙafa. Wadda ta ci tudu da kwari zagaye, shakazoba ce ta mutu tana barin ƙafa tana tsalle. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a jikin taya su ne shekarunta: 2318 na nufin mako na 23 na 2018.

Auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodi a kowace ƙafa. Idan hagu da dama sun bambanta da fiye da santimita 2, sifirin ya kwanta ko ganye ya karye. Sannan auna daga tsakiyar ƙafar gaba zuwa ta baya a kowane gefe. Mota mai sifirin ganye idan wannan awon bai zo ɗaya ba, galibi ƙusar tsakiyar sifirin ce ta tsinke, aksul ya goce, shi ne za ka ga mota tana tafiya a karkace.

Mai ba ya ƙarya

A difarenshal ɗin aksul, a buɗe notin zuba mai kafin na juyewa. Idan ka juye sannan na sama ya ƙi kwantuwa, ka ajiye motar ke nan. A yawancin tsofaffin Toyota sifana mai lamba 24 ce. Man difarenshal ya kamata ya kai leɓen ramin, ka taɓo shi da ɗan yatsa. Idan ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga. Yadda abin ke faruwa: aksul ya yi zafi, an faɗa rafi, iskar ciki ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta ƙofar numfashi da ke saman aksul ko ta sil. Ita wannan 'yar ƙofar idan laka ta toshe ta, iska mai zafi ta rasa mafita sai ta turo mai ta sil. Sau da yawa ana canza sil har sau biyu, alhali 'yar ƙofar ce ke son wanki.

Notin juyewa yana da maganaɗisu. Laushin baƙin gari a jikinsa ba komai ba ne. Ɓarɓashi mai ƙyalli da kake ji a yatsa, boris ne ko haƙori ke ɓantalewa. Difarenshal yana son GL-5, 80W-90 ko 75W-90, mai LSD kuma, wato irin wanda ke rage sulɓin ƙafa ɗaya, sai man da aka rubuta LSD a jikinsa, in ba haka ba zai riƙa kakkarwa a kwana.

Man giyar otomatik ja ne garai-garai. Idan ya yi duhu yana ƙauri, faifan ciki sun ƙone. Idan ya koma ruwan hoda mai kauri, ruwan lagireto ya gauraya da shi, kuma wannan sananniyar cuta ce a Nissan Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010. Ka ga haka a motar sayarwa, ka yi sallama ka tafi.

Farfela da ƙafafu

A tokare tayoyi gaba da baya, a sa giya a firi, a saki birkin hannu domin nauyi ya sauka daga farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksul. Kama ta kusa da kowane kuros, wato mahaɗarta mai siffar gicciye, murɗa hagu da dama, tura sama da ƙasa. Kuros ba shi da izinin wasa ko kaɗan. Jan gari mai kama da tsatsa a bakin hularsa na nufin giris ya ƙare, alluran ciki suna niƙa kansu. Wani kuros ɗin kuma ba wasa yake yi ba, ƙagewa yake, kuma ba ka gane shi sai an sauke farfela ka lanƙwasa shi da hannu. Kafin a sauke, a yi alama da alli a kowace mahaɗa. Idan aka mayar da ita kunnuwan kuros ɗin ba su kalli layi ɗaya ba, za ta kawo girgizar da da babu ita. Hilux mai farfela gida biyu tana da boris a tsakiya cikin roba. Robar ta yage, sai ka ji kakkarwa lokacin tashi.

Riƙe bakin finiyon, wato ƙaramar giyar cikin difarenshal, inda farfela ta haɗu da aksul. Ɗan juyi kaɗan daidai ne, tazarar haƙora ce. Motsi sama da ƙasa kuwa boris ɗin finiyon ne, kuma ƙara ɗaure noti da ƙarfin tsiya ba ya gyara shi.

A ɗaga ƙafar gaba. Kama taya sama da ƙasa ka jijjiga. Idan akwai wasa, abokinka ya taka birki ka sake. Wasan ya ɓace, boris ɗin ƙafa ne. Yana nan, boljoyin ne, ko boris ɗin kinfin, wanda ƙafa ke juyawa a kansa a kwana, a mota mai aksul ɗaya miƙaƙƙe da ya haɗa ƙafafun gaba biyu. Boljoyin na ƙasa yakan ɓoye wasansa saboda sifirin na danne da shi, don haka a sa jak ƙarƙashin hannun ƙafa na ƙasa, a zura liba ƙarƙashin taya a ɗaga. A Prado 90 da 4Runner na 1996 zuwa 2002 wannan gwajin wajibi ne, domin nasu idan ya ci yakan zare gaba ɗaya ƙafa ta kwanta ana cikin tafiya. Nan ba wurin sayen mai araha ba ne. A nemi na asali ko da kuwa a kasuwar Dilimi an nuna maka wani a rabin kuɗi.

A sauke motar ƙasa. Abokinka ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, kai kana ƙasa da tocila, hannunka a kan kowane tayarod. Wanda ya ci za ka ji yana bugawa a tafin hannu. Yawancin littattafan Toyota sun sa iyakar wasan sitiyari a milimita 30. A mota mai aksul ɗaya, ka dubi sandar da ke gicciye tana riƙe aksul daga gocewa gefe, idan tana da ita. Bushin ɗinta, da kinfin, da tayarod, su ne ke kawo mummunar rawar nan ta sitiyari bayan an taka rami a gudun 60 zuwa 80, wadda ba ta tsayawa sai an rage gudu sosai. Sa sabuwar shakazobar sitiyari rufe ido ne kawai.

Land Cruiser 80 da makamantanta suna da ƙwallon ƙarfe a ƙarshen aksul na gaba. Ɗan danshin giris a jikinsa daidai ne. Idan baƙin ruwa mai warin man giya ne ke ɗiga, sil na ciki ya ci, mai ya narkar da giris ɗin. Gyaransa kwance ƙafar ne gaba ɗaya, kuma tunda an buɗe, a canza boris ɗin kinfin lokaci guda.

Motar da ta fito daga arewacin Amurka ko Kanada, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, a ƙwanƙwasa shasinta da guduma kusa da maƙalan sifirin. Sabon baƙin fenti a ƙasan tsohuwar mota abin tuhuma ne.

A kan hanya

Kashe rediyo, sauke gilashi. A shimfiɗaɗɗiyar hanya marar cunkoso, kai gudun da ƙarar ke fitowa, sa firi na ɗan lokaci. Ƙarar ta sauka tare da inji, to ta inji ce ko kulochi. Ta ci gaba, to daga giya zuwa taya take. Wannan gwajin ba na gangara ba ne, ballantana Hawan Kibo.

Kuka siriri da ke zuwa idan ka taka totur ya ɗauke idan ka saki, haƙoran kurawun, wato babbar giyar cikin difarenshal, da finiyon ne. Wanda ke zuwa sai ka saki totur, galibi boris ɗin finiyon ne ya saki. Gurnani da ba ruwansa da totur amma yana canzawa idan ka karkata sitiyari, boris ɗin ƙafa ne: ka karkata hagu ya ƙaru, na dama ne, domin nauyi can ya koma. Girgiza a sitiyari tsakanin 80 da 100, a fara da balansin da busasshiyar laka a cikin wili. Wadda kake ji a kujera da ƙasan ƙafa, mai sauri ƙwarai, ta farfela ce, domin tana juyawa kusan sau huɗu a kowane juyin taya ɗaya. Bugu guda ɗaya, "kau", idan ka sa giya ko ka tashi, kuros ne ko bakin farfela mai zamewa ya bushe. A ba shi giris, amma kada a cika har ya cushe, zai riƙa tura boris ɗin giya.

Kulochi kuwa: a giya ta huɗu, gudu 40 zuwa 50, a ɗan hawa, taka totur ƙasa. Inji ya yi ihu mota ba ta ƙara gudu ba, faifai ya ƙare. Ƙarar da ke zuwa idan ka taka kulochi, boris ɗin turawa ne; wadda ke ɗaukewa idan ka taka, boris ɗin cikin giyabos ne, aikin da ya fi tsada.

Ƙananan ƙwanƙwasa a kan tsakuwa yawanci 'yan sandunan stabilaiza ne, kayan kuɗi kaɗan. Shakazoba kuwa, danna motar da hannu ba ya nuna komai a jif mai nauyi. Bi hanya mai gargada na minti 10, tsaya, taɓa kowacce a hankali. Mai aiki za ta yi ɗumi, matacciya tana nan da sanyinta. Taɓa tsakiyar wili ma. Wanda ya fi saura zafi, boris ne ko birki ke kamawa.

Ogzilari

Ogzilari shi ne akwatin giyar da ke sa ƙafa huɗu; a gwada shi a turɓaya. Motar da ake sa mata ƙafa huɗu da hannu, irin tsohuwar Hilux, galibi ba ta da difarenshal a tsakiya, don haka a kan kwalta gaba da baya za su yi ta jayayya har wani abu ya karye. Kulle hob biyu na tsakiyar wilin gaba idan tana da su, sa 4H, wato ƙafa huɗu na gudu, murɗa sitiyari ƙarshe, zagaya a hankali hagu da dama. Ƙas-ƙas-ƙas a jere, mahaɗar shaf ɗin gaba ce ta ci. Tsaya cak, sa firi, shiga 4L, wato ƙafa huɗu na ƙarfi. A Toyota gudu zai ragu kusan ninki biyu da rabi. Tas-tas mai ƙarfi lokacin da ka matsa mata a hawa, idan ogzilarin mai sarƙa ne, sarƙar ce ta miƙe tana tsallake haƙori.

Fitilar 4WD ta kama ba hujja ba ce. Kashe inji tana 4H cikin giya, ɗaga ƙafa ɗaya ta gaba, juya ta da hannu. Bai kamata ta juya ba. Ta juya sakayau, hob ne ko na'urar haɗa aksul ba ta kama ba. Ka leƙa ma ka tabbata farfelar gaba na nan, domin akwai masu cire ta don ɓoye ƙara kafin sayarwa. Na'urar haɗawar nan rashin amfani ke ƙagar da ita, shi ya sa littafin Toyota ya ce a yi tafiyar kilomita 16 a ƙafa huɗu kowane wata.

Idan an taɓa sa mata aksul ɗan Beljiyam, a tabbatar rabon haƙoransa ɗaya ne da ɗan'uwansa, 4.10 a baya da 4.56 a gaba zai kashe ogzilari. Giya a firi, ɗaga ƙafa ɗaya, yi alama a taya da farfela, juya taya sau biyu cif kana ƙirga juyin farfela. Huɗu da ɗan ɗoriya 4.10 ne, huɗu da rabi 4.56. Mai LSD sai a ɗaga ƙafa biyu a juya sau ɗaya. A yi wa aksul na gaba, a yi wa na baya, a kwatanta kafin a biya kuɗi.