Kurakuran da Ke Kayar da Dogayen Hasumiyoyin Talabijin

Kuskure na farko shi ne lissafa guguwa kaɗai, a manta da iska mai sauƙi. Hasumiyar Emley Moor a Ingila, mai tsawon mita 385, ta faɗi ranar 19 ga Maris 1969. Ƙanƙara ta taru a jikinta da kan igiyoyin ƙarfen da ke riƙe da ita, iska kuma ba mai ƙarfi ba ce, sai dai ta yi ta kaɗa ta ba tsayawa. Maganin da aka yi wa irinta shi ne rataye sarƙoƙi masu nauyi a cikinsu don su kashe lilon. Japanawa sun je nesa da haka: a tsakiyar hasumiyar Skytree ta Tokyo, mai mita 634, akwai ginshiƙin kankare da ba ya lilo tare da ƙarafan waje, shi ke rage jijjiga idan ƙasa ta girgiza.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne ganganci wajen gyara, domin a hannun ma'aikata yake. Hasumiyar rediyo ta Konstantynów a Foland ta kai mita 646, a lokacin babu gini mai tsayinta a duniya. Ta tsaya shekara 17, sannan ta rushe ranar 8 ga Agusta 1991 ana cikin canza mata igiya. Irin wannan hasumiya siririya ce, igiyoyin nan su ne ƙafafunta. Kada a kwance tsohuwar igiya sai an ɗaure ta wucin gadi an ja ta yadda ya kamata, injiniya ya rubuta matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, a kuma dakata da zarar iska ta tashi.

Sai gobara. Ana ɗauka hasumiyar kankare ba ta cin wuta, alhali cikinta cike yake da wayoyin lantarki. A Agustan 2000 wuta ta tashi can sama a hasumiyar Ostankino ta Mosko, mai mita 540, mutum 3 suka mutu, yawancin tashoshin talabijin na birnin suka ɗauke. Kada a ɗora wa wayoyi fiye da ƙarfinsu, a kuma toshe ramin da suke bi hawa-hawa da abin da ba ya kama wuta.

Aradu kuwa tabbas za ta faɗo. A haɗa tsinin hasumiyar da ƙasa ta hanyar tagulla mai kauri, a riƙa auna haɗin kafin kowace damina.